ZAUREN IYAYE: Ranar da Akuya ta Yi Magana a Karfi

 A watan nan za mu yi zance a kan wani ɗan abu da muka gani da idonmu a Karfi, ta ƙasar Malumfashi, a gidan da muka sauka ana gab da karyar masara.

A gidan akwai wata yarinya 'yar shekara 4, mai kunya ƙwarai. In baƙo ya gaishe ta sai ta sunkuyar da kai, ta ɓuya bayan zanen uwarta. Kwana biyu muna gidan ba mu ji muryarta ba. Uwar ta ce mana da ba haka ta ke ba, tun da aka yi mata ƙane wata 3 da suka wuce ta koma shiru-shiru, ga yawan kuka da dare ba dalili. An kai ta asibiti, aka ce lafiyarta lau.

Ran kwana na uku sai yayanta, ɗan wan ubanta, wanda ke koyon gyaran babur a Funtua, ya zo gida da babbar waya. Ya tafi turke ya ɗauki hoton akuyar gidan, gama ba a saki dabbobi ba tukuna saboda amfanin gona. Ya sa yatsa ya ja ɗan layi a kan bakin akuyar a jikin gilashin wayar, sa'an nan ya durƙusa ya miƙa wa yarinyar, ya ce, "Ungo, ƙanwata, yi magana a nan, akuya za ta faɗa." Ta daɗe tana kallonsa, kana ta ce "mee" can ƙasa-ƙasa. Ya danna, sai ga akuya a cikin waya tana buɗe baki tana rufewa, tana cewa "mee" da muryar yarinya. Yaran gidan suka fashe da dariya, ita ma ta yi murmushi. Ya ce ta sake. Wannan karo ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ce, "Ni akuya ce. An ɗaure ni. Kowa ya tafi wajen jariri. Ba mai kawo mini dusa. Inna ba ta zuwa."

Tsakar gida ya yi tsit. Uwar tana tsince shinkafa, ta ajiye faifai, ta miƙa wa surukarta jaririn, ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya. Ba ta ce kome ba, mu ma ba mu ce ba.

Abin da saurayin nan ya yi aiki da shi wata manhaja ce, watau ɗan shirin da a ke saukewa a cikin waya, sunanta ChatterPix Kids. Wani kamfanin Amurka mai suna Duck Duck Moose ya yi ta. Aikinta ke nan kurum: a ɗauki hoton abu, a ja masa baki, a yi magana ta daƙiƙa 30, abin ya maimaita. Akwai 'yan'uwanta. Wata sunanta Puppet Pals, inda yaro ke jan mutum-mutumi da yatsa a kan gilashi yana magana, na'urar tana ɗaukar motsin da muryar tare, in ya gama ya kalli wasan da ya shirya. Wata kuma Toontastic, wadda kamfanin Google ya saya a 2015, ta kan raba wa yaro labari kashi-kashi, mafari da tsakiya da ƙarshe, don ya koyi jera zance. A makarantun ƙananan yara na ƙasashen Turai da Amurka malamai sun yi shekaru suna aiki da irin waɗannan.

Iyaye da yawa su kan tambaye mu, shin a ba yaro ƙarami waya ko kada a ba shi? Waɗansu sun ce waya ta lalata 'ya'ya, waɗansu sun ce wanda bai iya ta ba an bar shi a baya. Mu dai abin da mu kan duba guda ɗaya ne. In kun ga yaro da waya a hannu, ku dubi bakinsa. Bakinsa ne ke motsi, ko kuwa ya yi sake da shi yana kallon waɗansu suna magana? A Karfi ran nan bakin yarinya ne ya motsa, shi ya sa muka ga abin ya isa a rubuta.

Amma kada mu ɗauka Turawa ne suka gano asirin nan. Wace uwa ce cikinku ba ta yi 'yar tsana ba tana yarinya? Da sillen kara mu kan yi ta, ko totuwar masara, ko ƙashi, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle, a goya ta a baya. 'Yan mata su kan yi bikin 'yar tsana sosai da sosai, da kai lefe, da gara, da guɗa, wannan ta zama uwar amarya, waccan ta zama gwaggon ango mai ƙorafi a kan kayan ɗaki. Wanda ya tsaya bayan danga ya saurara zai ji dukan abin da manyan gidan ke faɗi, har wanda su ke tsammani yara ba su ji ba. Maza kuwa su kan gina shanu da laka, su yi mota da kara, su zama direba da yaron mota da fasinja mai gardamar kuɗi, duk a baki ɗaya. Ba wanda ya kira wannan makaranta, amma a nan muka koyi ciniki da gaisuwa da ba da haƙuri.

Har manya ma sun yi sana'a da abin. A ƙasar Hausa, musamman wajen Nijar, an san masu wasan ɗiyan dabo, waɗanda ke sa 'yan mutum-mutumi a hannu suna rawa suna faɗa a gaban jama'a. A 1935 wani Bature mai suna Ellison ya rubuta labarin irin wannan wasa da ya gani a Barno: mai wasan ya kan shige ƙarƙashin babbar riga ya ɓuya, ya fito da 'yan tsanan ta sama, yana da wani ɗan abu a baki mai sa murya ta zama siririya. 'Yan'uwanmu Tibi na Binuwai suna da Kwagh-hir, wasan manyan mutum-mutumi na itace da dodanni, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Da talabijin ta zo sai ta ɗauki dabarar. Shirin yara na Sesame Street ya fara a Amurka a 1969, a 2011 kuma aka fara na Nijeriya a tashar NTA da sunan Sesame Square, da 'yan tsana biyu, Kami da Zobi direban tasi mai son doya, daga baya aka juya shi da Hausa aka kira shi Dandalin Sesame.

Me ya sa 'yar tsana ke buɗe bakin yaro? Domin ta kan ɗauke masa nauyin magana. Yarinyar Karfi ba za ta iya duban uwarta ta ce, "Inna, kin manta da ni" ba. Kunya ba za ta bar ta ba, tarbiyya ba za ta bar ta ba, mai yiwuwa ma ita kanta ba ta san abin da ke cinta ke nan ba. Amma akuya ba ta jin kunyar kowa. In an yi faɗa, akuya aka yi wa. Kakanninmu sun san haka sarai, shi ya sa suka ba mu Gizo. Duk kwaɗayi da ƙarya da ragwancin da ba mu iya amsawa namu ne, sai mu ɗora wa Gizo, mu yi masa dariya, mu kuma ji tausayin Ƙoƙi da ke fama da shi. Yaron da ke kwaikwayon tsamin bakin Gizo yana koyon sarrafa harshensa ne, ko da ya ke shi wasa ya ke yi.

Tatsuniya kuwa, in kun lura, ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai bayarwa ya ce ga ta nan ga ta nanku, ba zai ci gaba ba sai an amsa masa ta zo mu ji ta. In waƙa ta zo a tsakiya, yara ne ke amshi. In kaka ta tsallake wani wuri, jika zai ce, "A'a, Kaka, ba haka kika faɗa jiya ba." Bayan kwanaki kaɗan kaka za ta ce ta gaji, yau kai za ka ba mu. Nan ne yaro ke fara jera magana da kansa, ya san abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, da dalilin da ya sa kura ta sha duka. Abin da Toontastic ta so ta koyar da akwatuna a kan gilashi, shi ne kaka ke koyarwa a kan tabarma, tun daga buɗe tatsuniya har ƙurunƙus.

To, ina tabarmar ta tafi? A nan ƙasarmu ta kudancin Katsina ba waya kaɗai ce ta naɗe ta ba, kada mu ɗora mata laifin da ba nata ba. Tsoro ma ya yi nasa. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, musamman bayan da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, iyaye da yawa ba su yarda yaro ya kai dare a dandali, ko da farin wata ya yi kamar rana. Gaɗa ta ragu, langa ta ragu. Gidaje da dama sun watse, kaka tana wani gari wajen ɗanta, jikoki suna wani. Uwa kuma ta wuni a gona tsinkar auduga ko roron waken soya, ta dawo ta ɗora tukunya, in ta miƙa wa yaro waya don ya bar ta ta tuƙa tuwo, wa zai ga laifinta? Ba mu zo yi wa kowa faɗa ba. An dai tara tatsuniyoyinmu a littattafai, Frank Edgar ya fara buga nasa a 1911, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971, mun gode musu. Amma takarda ba ta iya muryar Gizo, ba ta kuma jiran a amsa mata.

Bidiyon waya ma ba ya jiran amsa, a nan ne matsalar ta ke. Yaro zai iya zama awa 3 yana kallon katun, idonsa a buɗe, bakinsa a rufe. A 2003 wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai su ke ji a gida. Waɗansu aka zaunar da su sau 12 tare da mutum mai magana da harshen Sin yana yi musu wasa yana karanta musu littafi. Waɗansu aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna faɗin irin maganar. Da aka gwada su, waɗanda suka zauna da mutum sun iya rarrabe sautukan harshen Sin, waɗanda suka kalli talabijin kuwa daidai su ke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Jariri daga fuskar mai kallonsa ya ke koyon magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a watan Afrilu 2019. Ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Ta ƙara da cewa lokacin da yaro ke zaune, gara a yi masa karatu ko a ba shi labari. Mun yi murmushi da muka ga wannan, manyan likitocin duniya sun taru a Janiba sun rubuta abin da tsohuwar Karfi ke yi bayan sallar isha'i ba tare da takardar shaida ba.

Saboda haka manhajar 'yar tsana tana gefen da ya fi kyau, tun da ya ke ba ta yin kome sai yaro ya yi magana. Tana kuma da wani alheri ɗaya da sillen kara ba shi da shi: tana maido wa yaro muryarsa ya ji. Mun ga yadda yaran gidan nan suka riƙa saurarar kansu, wani ya ce, "Kai, na yi sauri, bari in sake," wani ya ga ya manta ƙarshen labari. Gyaran da malami zai yi da tsawa, yaro ya yi wa kansa da dariya. Hausa kuma su ke yi, gama na'urar ba ta damu da harshen da aka yi mata ba.

Amma ba za mu ɓoye muku aibinta ba. Da yawa cikin manhajojin nan don na'urorin Apple masu tsada aka fara yinsu, ba kowace ke hawa irin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba. Rubutun da ke jikinsu Turanci ne. Mutum-mutumin da su ke zuwa da su kuwa, 'yan fashin teku ne da 'ya'yan sarakunan Turai da masu zuwa wata, ba kura, ba Gizo, ba mai tallan fura. In ba a ɗauki hoton abin gida an sa ba, yaro zai ba da labarin ƙasar da bai taɓa gani ba da kalmomin da ba shi da su. Waɗansu kuma kyauta ne a baki, in an shiga sai talla, ko a ce a biya kafin a buɗe sauran. Ga kuɗin data, ga kuɗin mai caji a bakin kasuwa. Kamfani kuma ya kan janye manhajarsa ran da ya ga dama, ba ya shawara da kowa. Mutanen wannan yanki ba su manta watan Satumba 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a kira ɗan'uwa. Makarantar da ta jingina koyarwarta a kan intanet, ran nan da ta tsaya cik.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan nauyi a wurinmu. Da aka gama dariya a gidan nan, saurayin ya ce zai tura maganar akuyar ga abokansa a WhatsApp don su ma su sha dariya. Kakar yarinyar ce ta hana. Ta ce, "Kai yaro, wannan maganar cikin gida ce." Gaskiyarta. Abin da yaro ya faɗa ta bakin 'yar tsana asirin zuciyarsa ne. Yau kishin ƙane ne, gobe yana iya zama abin da ya gani daren da aka gudu cikin dawa, ko abin da wani babba ya yi masa ya ce kada ya faɗa. In aka watsa shi duniya ta yi dariya, ba zai sake ba akuya amana ba. Abin da ya shiga Facebook ko TikTok kuma ba ya komowa. In kuwa yaro ya faɗi abu mai ban tsoro ta wannan hanya, kada ku tsare shi da tambayoyi a gaban mutane, kada ku ce ƙarya ya ke yi. Ku bari sai kun keɓe, ku tambayi 'yar tsanar a hankali, ita za ta ƙarasa muku.

Ga malaman rabin aji da na nazare, mun san halin da ku ke ciki: aji cike maƙil, waya ɗaya ce, ta malama ce, cajinta ma rabi. Kada wannan ya karya muku zuciya. Yanzu kaka ce, kara ya yi yawa a kowace gona. Ku ce kowane yaro ya zo da sillen kara da totuwa da ɗan tsumma. Tsohuwar safa ma ta isa, a sa hannu a ciki, a ɗinka maɓalli biyu su zama idanu. A ɗaura zane tsakanin benci biyu, yara uku su shige baya, ɗaya Gizo, ɗaya Ƙoƙi, ɗaya kura. Malama ta buɗe tatsuniya, aji ya amsa, sa'an nan ta yi shiru ta bar su. Za su karkata, za su sa Gizo ya hau babur ya tafi kasuwar Funtua sayar da masara, ku ƙyale su, nasu ne. Ku lura da yaron nan na lungu wanda ba ya ɗaga hannu, shi za ku fara ba kura. A ƙarshe, in da caji, a ɗauki wasan da waya, a taru a kalla sau ɗaya, a mayar da waya jaka. Minti 10 na gilashi ke nan a cikin awa guda ta magana, kuma yara 40 sun amfana da waya guda.

Uwaye a gida kuma, in yayan yaro ya zo da irin manhajar nan, kada ku miƙa wa yaro ku juya baya. Ku zauna kusa. In akuya ta yi magana ku amsa mata, ku ce, "Ayya, akuya, wa ya ɗaure ki? Sai me ya faru?" Tambayar nan ta "sai me ya faru" ita ce ke jawo jimla ta biyu da ta uku. In kuma akwai tsohuwa a gidan mai tatsuniya a ka, to, ga aikin da waya ta fi dacewa da shi: kowace babbar waya tana ɗaukar murya ba tare da data ba. Ku ɗauki tatsuniyoyinta tun tana da ƙarfi, da waƙoƙin ciki, da amshin jikoki, har da tarinta. Mu da ke rubutun nan mun yi sakaci da namu tsofaffi, sai guntu-guntu mu ke tunawa, in mun kai tsakiyar waƙar sai mu tsaya.

Kafin mu bar Karfi mun ga yarinyar nan a gindin turke da rana, ba waya a hannunta, yayan ya koma Funtua da abarsa. Ta tara totuwar masara guda 3, babba da matsakaiciya da 'yar ƙarama, ta goya ƙaramar a bayan babbar da zare, tana yi wa matsakaiciyar magana da muryar uwarta, tana cewa ta yi haƙuri, in jariri ya yi barci za a yi mata kitso.

Masu karatu da suka taɓa ganin wasan ɗiyan dabo a kasuwa ko a gidan biki, ko a Malumfashi ko a Maraɗi ko wani wuri, muna roƙo ku rubuto mana yadda aka yi shi da abin da 'yan tsanan suka faɗa, za mu buga a wannan shafi. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zance a kan yaye.